Rabon Tasa

Katafilar Oga Alexander ta mutu ne da hantsi, tana tsakiyar ɗaga yashi a bakin rafin Romi. Waɗanda ke wurin sun ce da fari wani kuka ta yi, kukan ƙarfe na cin ƙarfe, sai ƙauri ya tashi, sai dogon hannun nan ya yi ta sauka a hankali har ya dafa ƙasa, kamar tsoho ya gaji da tsayuwa. Da aka buɗe tankin man haidirolik, man da ke ba hannun ƙarfin ɗagawa, ba a samu ko na shafawa a kaushi ba. Alhali ba a daɗe da cika shi ba. Famfon da ke tura man ya yi aiki a bushe, ya ƙone.

Kafin azahar kowa a unguwar ya gama sanin ɓarawo. Samuel ne, direban katafilar. A wuyansa makullin tankin yake kwana, kuma an ga jarkar mai a bayan rumfar matarsa Jemimah, mai sayar wa direbobin tifa abinci. 'Yan sintiri suka ƙwace shi daga hannun matasa, suka kulle shi a ofishinsu. Mai unguwa, da ya ga abin na neman ya fi ƙarfin baki, sai ya aika unguwar Makera a kira masa Malam Zakari Mai Sawu.

Malam Zakari tsohon maharbi ne. Tun da daji ya daina shiguwa ya rataye bindigarsa, ya koma bin sawun akuya da janareto da babur ɗin da aka sace. Ƙasa ba ta ɓoye masa magana. Amma ranar nan, a cikin keken da ya ɗauko shi, ba sawu ne a ransa ba. Ɗansa Lawal shi ne makanikin katafilar, kuma shi da kansa ya riƙo hannunsa ya kai shi wurin Oga Alexander. In katafila ta kwanta, to abincin Lawal ya kwanta, ga mata ga jariri. Tunanin da ya yi ta juyawa ke nan har suka iso.

*

Ya tarar da Oga Alexander zaune a kan wata tsohuwar taya, hularsa a gwiwa. Sun san juna tun zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki, lokacin Alexander yana kula da injuna, Zakari yana kawo wa ma'aikata naman daji.

"Malam Zakari, ka zo ganin gawa?"

"Na zo gaisuwa, Oga. Allah ya mayar da alheri."

"Da me zai mayar?" Ya nuna katafilar da haɓa. "Ka san abin da ke tsaye a can? Garatutina ne na barin aiki, da gidana na unguwar Television. Matata ta yi kuka ranar da na sayar, na ce mata yashi ba ya ƙarewa a Kaduna. Yashi bai ƙare ba kam. Ni na ƙare."

Zakari ya tsuguna gefensa, ya bar shi ya fesar.

"Da na sayo ta, jarka ɗaya sai ta kai mu wata. Daga baya ta koma ta mako. Na canza tiyo, na canza roba, na sake canzawa. Kuma duk sanda na je kanti sai a ce dala ta hau. Abin da tifa goma suka kawo, mai ya shanye na shida. Na rage wa yara albashi, na sake ragewa, ina jin kunyar haɗa ido da su. Ashe wai huda ni ake yi daga ciki. Yanzu famfo. Ka san kuɗin famfon nan? Kuɗin fili ne a Rido, har da shinge."

Daga nesa wata tifa ta yi ribas, ta juya babu kaya, ta nufi wani ramin yashin. Alexander ya bi ta da kallo.

"Mai gidan bulon da nake ba yashi ya bugo. Ya ce yana tausaya mini, amma siminti ba ya jiran kowa. Gobe zan kai Samuel caji ofis. Sai ya ruɓe a can."

"Ka ba ni zuwa goben, bayan la'asar."

"Me za ka gani wanda ba mu gani ba?"

"Ban sani ba tukuna. Ku sama kuka duba. Ni ƙasa zan tambaya."

Lawal ya fito daga bayan katafilar yana goge hannu da tsumma. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa. Idanunsa sun yi ja, kamar wanda bai runtsa ba.

"Baba, da ka bari rana ta yi sanyi. Ka sha maganinka kuwa?"

"Na sha. Famfon ba ya gyaruwa?"

"Ya tafi, Baba."

Zakari ya dubi ɗansa, tausayi ya kama shi. Yaron nan, ya ce a ransa, ya ɗauki katafilar kamar tasa.

*

A ofishin 'yan sintiri Samuel yana zaune a ƙasa, leɓensa ya kumbura. Ya yunƙura zai tashi, Zakari ya ce ya zauna.

"Baba, na rantse da Littafi Mai Tsarki, ko cokali ban ɗiba ba."

"Bar rantsuwa. Da safe ka duba mai kafin ka tayar?"

"Na duba gilashin awo. Ya nuna cike."

"Ka buɗe tankin?"

Samuel ya sunkuyar da kai. "Ban buɗe ba. Gilashin ya rine, Baba, kullum cike yake nunawa. Na sha gaya wa Oga a canza, ya ce bari mu samu sarari. Laifina ke nan, na yarda. Amma sata? Wa ke huda kwalekwalen da yake ciki? Peace 'yata tana aji uku a sakandare. Da kujerar katafilar nan nake biya mata."

"Makulli fa?"

"A wuyana yake, ko wanka ba na cirewa. Shi ne ya kashe ni yanzu."

"Wa kake zargi?"

"Ba na so in ɗora wa wani abin da aka ɗora mini. Amma a tambayi Mamman mai lambu. A gaban mutane ya ce sai ya ga bayan katafilar nan."

*

Ba sai an nuna wa Zakari hanyar lambun ba. An yi ruwa a farkon mako, kuma duk kududdufin da ke gangarawa daga wurin katafilar yana ɗauke da launin bakan gizo a fuskarsa. Ciyawar gefen kwatar ta ƙone, ta yi baƙi. Ya bi ta har cikin kunyoyin alayyahu.

Mamman yana tsaye da fartanya a kafaɗa, yana kallon ganyen da ya yi laushi ya kwanta.

"Sannu da aiki, Malam Mamman."

"Wane aiki? Jana'iza nake yi. Kai ne mai sawun? To ga sawu nan, ya zo da ƙafarsa har gonata, ba sai ka wahala ba."

"An ce ka yi alwashin ganin bayan katafilar."

"Na yi! Na ce zan ƙona ta. Amma ko ashana sai na ara a wurin Jemimah, ita kuwa mijinta ke tuƙawa. Ka ga an yi ba a yi ba."

Zakari ya dubi ƙafar mutumin. Ba takalmi, babban yatsan dama ya karkace waje. Ya riga ya zagaya katafilar, kuma babu irin wannan sawu a kusa da ita.

"Tun yaushe man ke zuwa maka?"

"Tun bara. Kaɗan-kaɗan, baƙi, da datti. Kunya ɗaya ta mutu, in haƙura. Amma na yau daban ne. Da na fito da sassafe, kwata cike take, yana gudu kamar ambaliya. Kuma ba baƙi ba. Garau, kamar zuma. Matan da ke saro ganye a wurina sun zo sun sunsuna, suka ce alayyahuna warin gareji yake yi. Wa zai biya ni? Oga Alex? Shi ma a tausaya masa."

Zakari ya dubi kwatar. Ɓarawo ba ya zubar da abin da ya sata. Man bai tafi a jarka ba, ko dai ba duka ba. A ƙasa ya tsiyaye.

*

Rumfar Jemimah babu kowa sai ƙudaje. Tukunyar shinkafa da wake tana nan kusan yadda aka sauke ta.

"Baba, ka zo ka ci ne ko ka zo ka kama ni?" ta ce, ba ta ko ɗago ba. "In ci ne, zauna, kyauta. Direbobi sun gudu kamar an ce annoba ce a tukunyata. Jiya-jiya suna Maman Peace ƙaro miya, yau matar ɓarawo."

"Jarkar nake so in gani."

Ta jawo ta da ƙafa. "Ga ta. Ita ce shaidarsu. Gara ke cin ginshiƙan rumfata, na saya in shafa. Rabon tasa ne, kowa ya sani. Amma da yake suna neman wanda za su daka, ba wanda ya tsaya tambaya."

"Mene ne rabon tasa?"

"Kai, Baba, ɗanka bai gaya maka ba? Al'adar gareji ce. Injin in ya tsufa yana ɗiga. Sai a sa tasa a ƙasa. Abin da ya ɗiga a tasa ya zama kwandem, ba a mayar da shi ciki, na makaniki ne. Tun kafin Lawal haka ake yi, Oga ma ya sani. Kafintoci na saye, masu injin yankan katako na saye. Halak ɗinsa ne. Ni a hannun Lawal na saya, har ya yi mini ragi."

Zakari ya buɗe jarkar, ya tsoma yatsa, ya ɗaga shi ga haske. Man da ya ɗiga daga injin da ke aiki yakan biyo jikin ƙarfe, ya kwaso ƙura da tsatsa, ya iso tasa baƙi. Wannan kuwa babu ko ƙwayar yashi a cikinsa. Garau, kamar zuma.

Ya goge yatsan a jikin ginshiƙi, ya daɗe yana gogewa.

"Baba, lafiya?"

"Rana ce," ya ce.

"Ka fito mini da mijina. Ba shi da wayo, amma ba shi da dogon hannu."

*

Ya jira har Lawal ya tafi sallar la'asar, sannan ya cire babbar rigarsa ya rarrafa ƙarƙashin katafilar, gwiwoyinsa suna ƙara.

Ƙasar wurin ja ce, amma a ƙarƙashin tankin an shimfiɗa farin yashin rafi, sabo, an lallaɓe shi da tafin hannu. Ya share shi. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta jiƙe sharaf da mai, har tana nutsewa. Ga zoben gindin tasa. A gefensa ga inda man ya tumbatsa ya yi wa kansa hanya zuwa kwata.

Ya ɗaga kai. A gindin tankin akwai mahaɗar tiyo da babban noti. Sauran notocin duk sun yi tsatsa, laka ta toshe su, an ɗaure su sau ɗaya an manta. Wannan kuwa kafaɗunsa sun goge suna ƙyalli kamar mariƙin ƙofar masallaci. Sifana ta saba da shi. Ana kwance shi, ana ɗaurewa, ana kwancewa, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Amma notin yana saman wani faifan ƙarfe ne. In an sassauta shi, man zai bi faifan ya watse, ba zai sami tasa ba. Sai in an yi masa jagora. Zakari ya zura hannu bayan tiyon, inda ido ba ya kaiwa, yana lalube. Yatsunsa suka taɓa igiya.

Guntuwa ce, an yanke jelarta da gaggawa, amma ƙullin yana nan. Igiyar ce ke karɓar man tun daga bakin noti, ta sauko da shi ɗigo-ɗigo har tsakiyar tasa, bai taɓa datti ba. Dabara mai kyau. Bai buƙaci ganin ƙullin ba, yatsunsa sun riga sun karanta shi: zagaye biyu, a murɗa, a mayar da bakin igiyar ta ƙarƙashi. Ƙullin tarkon kurege. Mahaifinsa ne ya koya masa a dajin Kachia, shi kuma mutum ɗaya tak ya koya wa, a tsakar gida, da igiyar guga, yaron yana dariya saboda ya kama ƙafar kaza.

Ya kwance ta, ya sa a aljihu. Ya daɗe kwance a wurin, fuskarsa na kallon cikin ƙarfe, har wani ɗan sintiri ya leƙo ya tambaya ko Baba ya yi barci ne.

*

Da magariba yana zaune a ɗakinsa a Makera, tuwo na hucewa a gabansa. Matarsa Indo ta shigo da ƙaramin kwano, ta ajiye a gefen tabarma.

"Katakon nan ya sake fara zufa," ta ce. "Duk ranar da kwanon rufi ya yi zafi sai ya ɗigo. Amma dai gara ta bar mu, Allah ya yi wa Lawal albarka."

Zakari ya ɗaga kai. Katakon rufin ɗakin yana sheƙi. Da bazara Lawal ya zo da jarka ya hau ya shafe shi tas, ya ce kada rufi ya faɗo wa Baba. A kan taga ga kwalin maganin hawan jini, wanda ba ya yankewa tun bara. Ga buhun shinkafar da Indo ke ɗiba. Bai taɓa tambaya ba. Ya san an rage wa yaron albashi, kuma bai taɓa tambaya ba. Shi da ke ganin inda ƙadangare ya ja jela, bai ga wannan ba, domin bai so ya gani ba.

Ya fita tsakar gida. Murhu na ci. Ya tsaya a kansa, hannunsa cikin aljihu, igiyar na tsakanin yatsunsa. Jiƙe take da mai, ko ƙiftawar ido ba za ta yi a wuta ba. Gobe sai ya ce ƙasa ta ƙi magana. An sha yin haka, ba wanda zai zarge shi. Samuel zai tafi caji ofis, daga can kotu, daga can inda Allah ya so. Yarinyar nan Peace za ta bar aji uku. Shi kuwa jikansa zai tashi da uba a gida.

Sallamar Lawal ta katse shi. Ya shigo ya durƙusa kamar kullum.

"Baba, an dace?"

"Ana nema. Lawal."

"Na'am, Baba."

"Akwai abin da kake so in ji daga bakinka?"

Yaron ya kalli murhu. "Kamar me, Baba?"

"Samuel yana da 'ya. Ka san ta?"

"Na santa."

"Sun fasa masa baki."

"Na gani."

Zakari ya jira. Daga ɗakin Fiddausi, matar Lawal, jaririn ya fara kuka. Lawal ya miƙe.

"Bari in duba su, Baba. Sai da safe."

Zakari ya zare hannunsa daga aljihu, babu komai a ciki. Ya koma ɗaki. Tuwon ya kwana a rufe.

*

Washegari bayan la'asar aka taru a gindin mangwaron da ke kusa da katafilar. Mai unguwa yana kan benci, Oga Alexander a gefensa. An kawo Samuel tsakanin 'yan sintiri biyu. Jemimah ta ɗaure ƙugu da gyale. Mamman ya zo da fartanyarsa, Lawal yana tsaye jingine da sarƙar katafilar. Direbobin tifa da 'yan kallo sun yi zobe.

"To, Malam Zakari," in ji mai unguwa, "ƙasa ta yi magana?"

"Ta yi, ranka ya daɗe." Zakari ya miƙe tsaye. "Na farko, man nan ba ta sama ya fita ba. Ta gindin tanki ya fita. Saboda haka makullin wuyan Samuel ba shi da aiki a maganar nan."

"Yesu na gode," Jemimah ta ce da ƙarfi.

"Dakata, Maman Peace," in ji wani direba, "ta ƙasan ma ai yana da hannu."

"Kai kuma da bakinka kamar bokitin katafila, cinye mini abinci ka gama!" in ji Jemimah.

Mai unguwa ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Mamman ma ba ruwansa," Zakari ya ci gaba. "Shi asara ta je ta same shi har gida. Abin da ya faru shi ne, akwai mai sassauta noti ɗaya da yamma in an tashi aiki, ya ɗaure da safe kafin a zo. Ya daɗe yana yi. Ba ya ɗiba da hannunsa. Yana barin man ya ɗiga ne, don in ya ɗiga ya canza suna. Ranar nan robar cikin notin ta gaji ta fashe, tanki ya juye gaba ɗaya. Da ya zo da safe ya ga ɓarna, sai ya ɗaure, ya rufe da yashi, ya yi shiru. Ya bar Samuel ya tayar da injin."

Wasu idanu sun fara juyawa, amma Zakari bai bi su da kallo ba. Ya ciro guntuwar igiyar ya ɗaga.

"Da wannan ake jan man zuwa tasa. Ku dubi ƙullin."

Ya karɓi igiyar da ke ɗaure da gorar ruwan Mamman, ya naɗa ta a reshen mangwaro. Zagaye biyu, ya murɗa, ya mayar da bakin ta ƙarƙashi. Ƙullin ya fito daidai da na guntuwar, kamar tagwaye.

"Ƙullin gidanmu ne. A duk Kaduna mu biyu muka iya shi, ni da wani. Oga, ka ce yau za ka kai mutum caji ofis. To ba Samuel ba ne. Tsakanina ne da wancan ɗayan. Shi bai yi magana ba. Ni kuwa ga ni, kuma na ci daga cikin man nan, yana bisa kaina a ɗakina, yana cikin cikina." Ya miƙa hannayensa biyu ga 'yan sintirin. "Ku kwance shi ku ɗaure ni."

'Yan sintirin suka dubi mai unguwa. Mai unguwa ya dubi ƙasa. Zakari bai sauke hannun ba. Yana roƙon Allah abu biyu masu karo da juna: yaron ya yi magana, yaron kada ya yi magana.

"Baba, sauke hannunka."

Lawal ya taho a hankali ya zube a gaban benci.

"Ni ne. Baba bai san komai ba. Oga, ni ne."

Alexander ya daɗe yana kallonsa kamar bai gane shi ba. "Kai? Kai da nake ba makullin sito?"

"Da fari da kanta take ɗiga, Oga, wallahi. Ban taɓa ta ba. Da ka rage albashi na farko, ga Fiddausi da ciki, sai na ce bari in ƙara mata kaɗan, kwata ɗin juyi kawai, ai rabon tasa nawa ne. Ban ɗauke shi sata ba. Ban taɓa buɗe tanki ba, ban taɓa taɓa duro ba. Da ka sake ragewa, sai na ƙara juyi."

"Na sake ragewa ne don in sayi mai!" Muryar Alexander ta fashe. "Man da kake zubarwa! Ina sayen jarka da kuɗin dala, kana sayar wa kafinta a kuɗin kwandem. Ko kashi ɗaya cikin goma ba ka samu ba. Da ka zo ka ce, Oga, ba ni, da ya fi mini sauƙi sau goma. Ka ƙona gida don ka gasa masara!"

"Da safiyar ranar na so in faɗa. Na ga Samuel ya hau, na buɗe baki, sai na kasa."

"Ka kasa," in ji Jemimah, a hankali wannan karon. "Kana tsaye suna dukansa. Har ragi ka yi mini, Lawal."

Aka kwance Samuel. Bai yi murna ba. Ya shafa wuyan hannunsa, ya cire makullin daga wuyansa ya ajiye a kan benci kusa da Oga, domin babu sauran abin da zai buɗe da shi.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Oga Alex, ko za a zauna a yi sulhu? Albarkacin dattijon nan."

Alexander ya juya ga Zakari. Idanunsa sun cika. "Malam Zakari, da ka ƙona igiyar nan, da ban taɓa sani ba."

"Na tsaya a kan murhu da ita, Oga."

"Na sani. Shi ya sa ba zan iya kallonka ba." Ya sa hularsa. "Caji ofis ba ya sayar da famfo. Amma na ce wanda ya yi zai je, lokacin da nake zaton ɗan wani ne. In na canza yanzu, me zan ce wa Samuel?"

'Yan sintirin suka sa Lawal a tsakiya, ba su ɗaure shi ba. Da zai wuce mahaifinsa ya tsaya.

"Baba, maganin ya kusa ƙarewa. A gaya wa Fiddausi, akwai wani kwalin a cikin akwatina."

Zakari bai iya ɗaga kai ba. Ƙasa yake kallo, yadda ya saba, yana ganin sawun ɗansa na tafiya a kan jar laka, diddigen hagu yana ɗan ja, irin nasa.

*

Katafilar ba ta sake tashi ba. Kafin kaka 'yan gwangwan suka zo da wutar walda suka yanyanka ta, aka auna ta a sikeli. Oga Alexander ya koma ɗakin haya a wurin ƙaninsa. Samuel ya karɓi keken wani yana ja, Jemimah ta ɗauke tukunyarta zuwa bakin titi. A inda katafilar ta tsaya har yanzu ciyawa ba ta fita.

Malam Zakari ya daina karɓar kiran sawu. Ranar da aka yanke wa Lawal hukunci ya dawo daga kotu da azahar, rana na dukan kwano, ya zauna a tabarma bai cire takalmi ba. Daga ɗakin Fiddausi ba a jin komai, ko kukan jaririn.

Ɗigo ɗaya ya faɗo daga katakon rufi, ya sauka a tabarmar kusa da gwiwarsa. Garau, kamar zuma. Indo ta miƙa hannu ta ɗauko ƙaramin kwanon nan za ta tara.

"Bar shi," ya ce. "A gidan nan ba za a ƙara tara komai ba."